Dutsen da Muka Ja Zuwa Gindin Kanya

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana raye, ba kuma zan fara yau da yake cikin ƙasa ba. Ɗiyata da ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Tasawa ita ke riƙe da alƙalami, na ce mata ta sa maganar yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara don ta yi daɗin ji. Abu guda nake so a sani. Mutane sun ce rantsuwa ce ta kashe shi, wai ya ɗauki Alƙur'ani a kan ƙarya saboda ɗan yankin gona. Na daɗe ina jin maganar nan tana bi ta bayan danga, na san abin da su ba su sani ba, na yi shiru. In kuka ya katse ni a tsakiya a yi haƙuri, haka nake tun da ya tafi.

Daga wani ƙauye a ƙasar Mayahi aka kawo ni. Garin mijina yana kudu da Korgom, can inda gonakin Nijar ke ƙarewa na Najeriya su fara. Tsofaffin garin har suka mutu ba su iya cewa Nijar da Najeriya ba, sai dai Faransa da Ingilishi. Sun ce a zamanin kakanninsu wurin daji ne tsakanin mutanen Tasawa da na Katsina, wanda zai shiga neman itace sai ya yi bankwana da gida. Da Nasara suka zo suka yi ta ja-in-ja a kan inda ƙasar wannan ta tsaya da inda ta wancan ta fara. Akwai shekarar da garin ya kai haraji kudu, can kuma aka ce a'a, arewa za a kai. Tsohuwar rijiyar garin ma ta faɗa wancan gefe, har yau mutanenmu ba su daina cewa tasu ce ba. Daga ƙarshe aka kafa duwatsun siminti nan da can, aka ce su ne iyaka, wanda ya taɓa su hukuma ya taɓa. Ɗaya daga cikinsu yana ƙarshen gonar surukina, ta kudu.

Shekarata ta biyu a gidan aka yi yunwa. Ruwa ya ɗauke hatsi na da ciki, maza suka watse neman abinci. Mijina ya yi kudu, ƙanensa ya bi shi. Surukina, wanda ya san gonar nan taku da taku, ya kwanta ciwo, bai ga damina ta gaba ba. Muka rage ni da uwar mijina, wadda nake kira Iya, sai jaki guda.

Aduwa muka koma ci. A tsotse bayan, a fasa ƙwallon, a jiƙa na ciki har ɗacin ya fita, a dafa. Ƙasarmu rairayi ce, sai mutum ya wuni yana tafiya bai ga dutsen da ya kai dunƙulen hannu ba. Dutsen niƙa guda ne a gidan, Iya ba ta yarda a bubbuga komai a kansa. Ƙarshen gonar kuwa an daɗe da barin nomansa, sabara da kalgo sun rufe shi, kuma can itatuwan aduwar suke. Wata rana muna tsinta muka tarar da dutsen simintin nan kwance, ya karye daga gindi. Ko shanu ne suka yi ta susa a jikinsa, ko ruwan wata shekara ne, ban sani ba. Iya ta dube shi, ta dubi rana, ta dubi wata kanya mai inuwa da ke gaba kaɗan ta kudu.

"Amarya, kwanto igiyar jakin nan."

"Iya, ba na hukuma ba ne?"

"Hukuma za ta zo ta fasa mana aduwa? Ja mu je inuwa, kaina zai tsage."

Muka ɗaure shi, jaki na ja, mu muna turawa da reshen kalgo, muna hutawa. Bai fi taku arba'in ba. Muka kwantar da shi a gindin kanya, a kansa muka fasa aduwar da ta riƙe mu har ruwa ya sauka. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ƙasa muka ja. Dutse na gani, muna kuma jin yunwa.

Da maza suka dawo suka ce za su sare saurar nan a noma ta. Ranar sassabe na kai musu fura, sai na ga dutsen tsaye a gindin kanya, an haƙa masa rami, an take ƙasa kewaye da shi. Da na koma gida na sami Iya tana kaɗi, na ce, "Iya, wa ya ta da dutsen nan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ki kama bakinki. Dutse ya tashi, ina ruwanki?"

Daga ranar zargi ya shige ni. Mijina a Tasawa ya girma wurin baffansa, sai da zai yi aure ya dawo, bai san ƙarshen gonar ba. In shi ya ta da dutsen, zai ɗauka inda ya faɗi nan yake tun asali. Amma ƙanensa a saurar nan ya yi kiwon awaki tun yana ƙarami, ta yaya ba zai san kanya tana ina dutse yana ina ba? Ita kanta Iya tana iya sa wani ya yi. Na yi ta kallon su ukun, kowa na cin tuwonsa kamar ba komai.

Bayan kwana kaɗan mijina ya kira ni gonar, ya nuna da hannu. "Daga nan zuwa dutse gamanarki ce, gonarki ta kanki, ki shuka abin da kika ga dama." Wato daidai yankin da muka ja dutsen a kansa. Ƙasa ce da ta huta, ta yi baƙi. Na sa kuɓewa da gyaɗa da yakuwa. Shekara talatin da wani abu miyar gidanmu daga nan take fitowa, kayan ɗakin 'ya'yana mata ma daga gyaɗar nan suka fito. Ba zan ɓoye ba, na so wurin nan.

Gonar da ke kudu da dutsen ta taubashin mijina ce, ɗan gwaggonsa da aka aurar wancan gefe. Mutum ne mai baki, ba ya wuce mu bai tsokana ba.

"Bafaranshe, barka da aiki! Ni fa na lura ƙasarku kullum ƙiba take, tamu tana ramewa. Me kuke ba ta?"

Mijina ya ce, "Noma muke ba ta, Ɗan Ingilishi. Ku da kuka koma sayar da isansin mota a kwalba, ina za ku san gona?"

"Ji bakin talaka! Matarmu, zubo furar nan in ji ko ta Faransa ta fi tsami."

Su yi ta dariya, ni ina zuba fura ina leƙen idonsa, ko akwai wani abu a bayan wasan. Kullum ya ce ƙasarmu na ƙiba sai in kwana biyu ina juya maganar. Ya sani ne yake jira? Ko matarsa ta hango mu ranar da muke ja da jaki?

Iya ta rasu ba ta ƙara tada zancen ba. Yara suka girma nan da can, gonaki suka matse, ba sauran saura. Sai wani tsoho a garin su taubashin, yana gab da mutuwa, ya gaya musu cewa da yana yaro kanyar nan cikin ƙasarsu take, a gindinta yake ɗaure akuya, dutse kuwa yana arewa da ita. Da ruwan shuka ya sauka 'ya'yan taubashin suka zo suka shuka hatsi a cikin gamanata. Namu suka tuge. Aka ɗaga sanduna, aka fasa kan mutum guda. Magana ta je wurin mai gari, ta wuce wurin sarki, har jandarma suka zo da mota, su ma can suka zo da nasu manyan. Aka buɗe takardu, aka ce takarda daga gari zuwa gari take nunawa, ba ta san taku arba'in ba. Masu awo za su zo, in ji su, amma ba a san yaushe ba, ga damina tana wucewa. Dattawan gefe biyu suka ce to a yi yadda aka saba, wanda gona ke hannunsa ya ɗauki Alƙur'ani ya taka iyakar da yake da'awa.

Da safen ranar rantsuwar na kai wa mijina ruwan alwala a bayan ɗaki. Ya karɓi butar, bai zuba ba, ya ce, "Ke da kika wuni a wurin nan shekarar yunwa, ni ba na nan. Kin taɓa ganin dutsen nan a wani wuri ban da gindin kanya?"

Daga inda nake tsaye ina hango motar jandarma ta saman danga. Na ga an ɗaure ni an kai ni Maradi, ana nuna ni ana cewa ga matar da ta ja iyakar ƙasa biyu da jaki. Na kuma tuna kuɓewata. Duka biyun na tuna, ba zan ce tsoro kaɗai ba ne.

Na ce, "A'a."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya yi bisimilla, ya fara alwala.

Mu mata daga nesa muka tsaya, ƙarƙashin aduwa. Liman ya miƙa masa Littafin cikin gafaka. Ya cire takalmi, ya rungume shi a ƙirji, ya ce nan ce iyakar gonar ubansa, nan dutse yake tun asali, in ƙarya yake Littafin ya ci shi. Ya taka daga gabas zuwa yamma, ya bi ta gindin kanya, ba wanda ya yi tari. Ƙanensa na gani ya juya fuska yana kallon wani wuri. Da ya gama, taubashin ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Shi ke nan, ɗan kawu. Na bar ka da abin da ka ɗauka." Daga ranar bai ƙara ce masa Bafaranshe ba. Suna biyu aka yi a gidanmu bai zo ba.

Damina ta zagayo. Mijina na taya ni noma a gefen gamanata ta arewa, sai na ji galmarsa ta bugi wani abu, ƙararta daban. Ya tsaya, ya tsuguna, ya daɗe yana tona da hannu. Da ya ga ina kallo ya mai da ƙasa ya ci gaba. Bayan kwana uku na tarar an dasa gindin gamba guda a wurin. Gamba kuwa a bakin iyaka ake dasa ta, ba a tsakiyar gona ba.

"Malam, gamba a nan kuma? Za ta shanye mini gyaɗa."

"Bar ta."

A makon ya daina cin miyar kuɓewa. Mutumin da in ba kuɓewa sai ya yi mita, ya ce wai cikinsa ba ya so. Na soya gyaɗa, ya ce haƙori. Yakuwa ma ya ture. Sai kukar da ke bayan gida kaɗai yake yarda a kaɗa masa. Duk abin da ya fito daga gamanata ya bar shi, bai kuma ce mini komai ba. Shekara biyu muka yi haka, in ajiye masa akushi in koma gefe ina kallonsa, in na juya in ji idonsa a bayana. Na zargi ƙanensa da kai masa magana. Na zargi matar taubashin da yi masa asiri. A bakin rijiya in mace ta tsawaita gaisuwa sai in ce wani abu take nema a bakina. Har shi na zarga. Na ce a raina, da ya tambaye ni ran nan, don bai sani ba ne, ko don nauyin ya koma wuyana? Allah ya yafe mini, na yi wannan tunanin a kan mutumin da bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Muka kai shi Korgom a amalanke, daga can mota ta kai shi asibitin Tasawa. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, muka dawo. Kafin mu iso gida magana ta riga mu, wai Littafi ya kama shi ta ƙafafun da ya taka ƙasar mutane da su. Ranar da zai rasu, da hantsi, ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Gambar nan kada a cire ta. In na tashi zan je wurin ɗan gwaggo." Na jira ya ƙara wani abu, ko ya tambaye ni, ko ya zage ni. Bai ƙara ba. Kafin la'asar ya cika.

Taubashin ya zo gaisuwa, ya zauna can bakin tabarma, ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi.

Da na fita takaba na ɗauki hauya na tafi ni kaɗai. Na tona gefen gambar. Ban yi zurfi ba na iske shi, gindin siminti da ƙarfe mai tsatsa a tsakiya, daidai inda ni da Iya muka ɗaura igiya. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dishe. Ashe abin da ya gani ke nan. Ya gane ya rantse a kan abin da ba haka yake ba, ya kuma san wadda ta ce masa a'a, ya haɗiye, ya gwammace ya bar miya da ya tona mini asiri. Duk da haka na mai da ƙasa na rufe. Damina huɗu na ƙara ina shiru, ina shuka kuɓewar da ni ma na daina iya ci.

Abin da ya buɗe bakina ɗana ne, babban. An kira shi shaida a ƙofar mai gari kan wata gona da ya san zancenta sarai. Yana miƙewa wani ya ce, a gaban jama'a, ba a karɓar shaidar gidan da Alƙur'ani ya ci. Ya dawo ya shige ɗaki, matarsa ta kai abinci ya dawo da shi. A kwanakin kuma na ji taubashin ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa rufewa. Na ce in shi ma ya tafi, wa zan gaya wa?

Na kira ɗana na faɗa masa tun daga aduwa har butar alwala.

"Inna, kin san abin da kike faɗa? Wurin nan fa zai tafi."

"Ya tafi."

"Mutane za su ce tsufa ne ya taɓa ki."

"To a tona. In tsufa ne ba za a sami komai ba."

Aka ɗauko taubashin a amalanke, da 'ya'yansa biyu, da mai garinmu da liman. Ɗana da kansa ya cire gambar. Da simintin ya fito, tsohon ya ce a kama shi ya sauka. Ya durƙusa ya shafa karyayyen bakin da hannu, ya shafa ƙarfen, ya sa aka kai shi gindin kanya ya shafa gindin wancan. Ni kuma na faɗi nawa a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Matarmu! Ashe ke da tsohuwa da jaki kuka ci ƙasar Ingilishi da yaƙi? Nasara da bindigoginsu sun yi shekaru ba su iya ba!"

Ba wanda ya taya shi. Dariyar ta juye, ya rufe fuska da hannun riga. "Shekara nawa ina kai ƙarar ɗan'uwana wurin Allah. Bafaranshe, ka yafe mini."

Na ce, "Ba gona na zo roƙo ba, ku ɗauki abinku. Ka faɗa a masallacinku, ka zo ka faɗa a namu, cewa abin da aka gaya masa ya rantse a kai."

Ya faɗa. Juma'a biyu a jere aka ɗauke shi, can da nan. Dutsen kuwa yana gindin kanya har yau, ba mai yarda ya taɓa shi, mai gari ya ce an kai magana sama, masu awo za su zo. 'Ya'yan taubashin ke noma wurin, hatsi suke sawa.

Ban ce bakin mutane ya mutu ba. Akwai masu cewa ni na binne simintin don in wanke mijina. Akwai masu cewa ya sani tun farko, shi ya ta da dutsen. Wannan ta biyun ita ke ci mini rai, don Iya ta tafi, ƙanensa ya tafi, shi ya tafi, ba wanda zai gaya mini hannun da ya haƙa ramin nan. An sake kiran ɗana shaida bara, an kuma karɓa, amma tun ranar da aka tona, ni da shi gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ya ce ina kwana, in ce lafiya, ya wuce.

Abin da na gani da idona shi nake so ya zauna a takarda. Ya riƙe buta ya tambaye ni, na ce masa a'a. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. In akwai wanda Littafin zai tambaya, ni ce. Ɗiyata, koma baya ki karanta mini wurin butar nan, in ji ko kin sa shi yadda na faɗa, ko kin tausasa.